Doki a Gidan f7: Caca Ce Ko Ciniki?

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu buga ces a ɗakin hutu na hostal da masu ƙona data a Lichess da Chess.com bayan an tashi daga lakca, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu. Mutum ya ɗauki dokinsa tun a taku na huɗu ya jefa shi a bakin sarkin abokin karawarsa, a cinye dokin kamar ba shi da mai shi. Nan take 'yan kallo su rabu gida biyu. Wasu su ce, "Kai! Wannan ai hannun Tal ne." Wasu kuma su zaro waya, su buɗe Stockfish, su nuna maka lamba mai alamar ragi a gabanta, su ce shirme ne, a tashi. Ni a ganina ɓangarorin biyu duk sun yi saurin yanke hukunci. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: me aka saya da dokin nan? Kuma abin da aka saya ɗin, irin hatsi ne da ake zubawa a rumbu, ko kuwa kayan gwari ne da in ba su shiga yau ba, gobe sai bola?

Maganar ta wuce ta hira. A cikinmu akwai masu burin wakiltar makaranta a wasannin NIPOGA, akwai masu shiga gasar jiha, kuma a can babu mai ce maka "mayar da takunka". In ka je da makamin da bai wuce na tsorata sabon shiga ba, za ka zubar wa ƙungiyarku maki, sauran su yi ta wahalar cike gurbin da ka bari. In kuma tsoron lambar inji ya hana ka taɓa sadaukar da komai, za ka gama ND ka gama HND kana irin wasan da ba ya hana kowa barci.

Ga wanda bai saba da rubutun ces ba, ga shi a taƙaice. N doki ne, B bishof, R hasumiya, Q sarauniya, K sarki. In ba harafi, ƙaramin soja ne ya taka. Alamar x tana nufin an ci, + tana nufin cek, # kuma wasa ya ƙare. Wajen ƙiyasta daraja, soja maki ɗaya ne, doki da bishof uku-uku, hasumiya biyar, sarauniya tara. Mai fararen 'ya'ya zan kira shi Fari, ɗayan kuma Baƙi.

Abin da lauya ya ƙago a Kalkata

Bari mu kama misali guda mu feɗe shi har wutsiya. Buɗin Petrov yana farawa da 1.e4 e5 2.Nf3 Nf6. Sunan wani gwani ɗan Rasha ne na ƙarni na 19, Alexander Petrov, kuma an san buɗin da taurin kai kamar katangar siminti. Da shi Fabiano Caruana ya tare Magnus Carlsen sau biyu a gasar zakaran duniya da aka yi a Landan a 2018, aka tashi canjaras duka biyun. Yadda aka saba, Fari ya ci soja da 3.Nxe5, Baƙi ya kore shi da 3...d6, doki ya koma gida f3, Baƙi ya rama da cin sojan e4, kowa ya kama gabansa cikin lumana.

To amma akwai wanda ya ƙi komawa gida: 4.Nxf7. John Cochrane ne, lauya ɗan Sikotiland da ya yi aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya fito da takun a wasanninsa da wani gwani ɗan Bengal, Moheschunder Bannerjee, wajen shekarar 1848. Dokin yana sauka f7 ya sa sarauniya da hasumiya a gaba lokaci guda, don haka Baƙi ba shi da zaɓi sai 4...Kxf7.

Mu yi lissafi. Fari ya ba da maki uku, ya karɓi soja biyu, na e5 da na f7. Bashin maki ɗaya ke kansa ke nan. Sarkin Baƙi kuma ya motsa, ya rasa damar kasilin, wato takun nan da sarki da hasumiya ke yi tare don sarki ya shige lungu.

Abin da ya fi jan masoya wannan taku shi ne tarkon da ke ciki. Bayan 5.d4, sojan e4 yana nan tsaye ba mai gadinsa, kwaɗayi kuma mabuɗin wahala. In Baƙi ya ce 5...Nxe4, sai 6.Qh5+. Ya tare da 6...g6, sai 7.Qd5+, sarauniya ta yi cek ta kuma sa doki a gaba, a taku na gaba ta ɗauke shi, Fari ya fita da ribar soja. In kuwa sarki ya ruga 6...Kg8, abin ya fi muni: 7.Qd5+ Be6 8.Qxe6#. Taku takwas an naɗe allo.

Da daɗi, ko? Sai dai tarko ba jari ba ne. Wanda ya faɗa sau ɗaya ba zai sake faɗawa ba, wanda kuma ya taɓa gani a waya ba zai faɗa ko sau ɗayan ba. Maganar farautar sarki ma a duba ta da idon basira. Bayan 4...Kxf7, kalli layin bayan Fari: kowa na gida. Ɗan da ya fita guda ɗaya ne, shi ma an binne shi. Da wa za a yi farautar? Sarkin Baƙi kuwa zai iya shiga lungu da ƙafarsa: bishof ya fito e7, hasumiya ta zo f8 ko e8, sarki ya koma g8. Taku uku ne, alhali kasilin na yau da kullum taku biyu yake ci. Duk wanda ya ba da doki don ya ƙara wa abokin karawarsa wahalar taku ɗaya tak, ya yi cinikin biri a sama.

To me Fari ya saya? Kawar da idonka daga kan sarki ka ƙirga sojoji. Na Fari takwas ne cif. Na Baƙi shida, kuma layin e da layin f babu sojansa ko ɗaya. Ma'ana, in Fari ya jera sojoji a d4 da e4 da f4, ya fito da 'ya'yansa a bayansu, ya ɓoye sarkinsa, to yana da wata runduna da za ta riƙa turowa gaba sannu a hankali, babu soja a gabanta da zai tokare ta. Rarar dokin da Baƙi ke taƙama da ita, duk gidan da ya zauna a tsakiya sai soja ya zo ya tashe shi. Ga kuma ramin f7: hanyar da ta taso daga a2 zuwa g8 ta zama a buɗe har ƙarshen wasa, sarki yana zaune a ɗakin da ba ƙyaure. Soja in ya mutu ba ya dawowa. Wannan shi ne hatsin da ke rumbu.

Shaidar haka ita ce yadda masana ke tarar gambit ɗin. Ba ɓoye sarki suke fara yi ba, rundunar suke kai wa duka tun ba ta jeru ba. Amsar da aka fi yabawa ga 5.d4 ita ce 5...c5. Kalli kuma abin da ke faruwa in Fari ya yi gaggawar cek da 5.Bc4+. Baƙi ya miƙa masa soja na uku da 5...d5, ya ci da 6.exd5, sai 6...Bd6. A takarda yanzu an yi daidai, soja uku a madadin doki. A kan allo kuwa Fari ya yi asara, domin sojansa na d5 ya toshe wa bishof ɗinsa hanya, kuma sojan e da ake sa ran zai ja gaba ya bar layinsa. Lissafi ya gyaru, kayan da aka saya sun lalace. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ƙirga maki ba ya isa a auna sadaukarwa.

An taɓa gwada abin a sama can? An gwada. A gasar Linares ta ƙasar Sifen a 1999, Veselin Topalov ya jefa wa Vladimir Kramnik wannan doki. Wasan ya bi ta 5.Nc3 c5 6.Bc4+ Be6 7.Bxe6+ Kxe6 8.d4 Kf7 9.dxc5 Nc6. Sarkin Kramnik har e6 ya leƙa kafin ya koma. Ƙarshenta wanda ya ba da doki ya tashi da kunnen doki. Kuma Kramnik ɗin nan shi ne wanda a shekarar da ta biyo baya, 2000, ya ƙwace kambun duniya daga hannun Garry Kasparov ba tare da an ci shi wasa ko ɗaya ba. Mai tsaron gida irin wannan bai iya hukunta takun a kan allo ba. Amma a faɗi ɗaya a faɗi biyu: manyan 'yan wasa ba su mai da shi tuwon kullum ba, da wuya ka gan shi a manyan gasa. Wannan ma hukunci ne.

Halloween: tumatir a rana

Yanzu mu ajiye wannan kusa da ɗan uwansa da ya fi farin jini a wasan minti uku, wato gambit ɗin Halloween: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Nc3 Nf6 4.Nxe5 Nxe5 5.d4. Shi ma ba sabo ba ne. Tun 1888 masanin ces Oskar Cordel ya ba da labarin 'yan kulob na birnin Leipzig a Jamus suna razana mutane da shi, kuma tun a lokacin bai yarda yana da tushe ba.

Farashi a nan ya fi tsada, doki a kan soja ɗaya, bashin maki biyu. Abin da Fari ke saya shi ne lokaci. Sojojinsa za su yi ta korar dawakan Baƙi kamar awaki a gonar wake: 5...Nc6 6.d5 Ne5 7.f4 Ng6 8.e5 Ng8. Tsaya ka ƙirga. Doki ɗaya ya yi tafiya biyar, ɗayan ya fita ya dawo inda ya taso. Sai 9.d6 cxd6 10.exd6, soja ya shiga maƙogwaron Baƙi ya tsaya, bishof biyu duk a kulle, ga barazanar cek daga e2, ga doki na shirin zuwa b5 ya leƙa c7. Wanda bai san hanya ba, agogo na gudu, hannunsa na rawa, ai sai dai a yi masa jaje.

Matsalar ita ce Baƙi ba dole ne ya bi wannan hanyar ba. Yana da ƙofofi biyu a buɗe. Ta farko, ya mayar wa Fari kuɗinsa: 5...Nc6 6.d5 Bb4 7.dxc6 Nxe4 8.Qd4 Qe7. An mayar da doki, an yi daidai a kaya, amma yanzu 'ya'yan Baƙi ne a waje, sarauniyarsa kuma tana hangen sarkin Fari ta bayan doki. Mai farauta ya koma abin farauta. Ta biyu, ya riƙe dokin ya biya da soja: 5...Ng6 6.e5 Ng8 7.Bc4 d5 8.Bxd5, sai ya kori bishof ya fito da 'ya'yansa. Lissafi ya zama doki a kan soja biyu kamar na Cochrane, amma dubi bambancin. Sojan f7 na nan, sarki zai yi kasilin lafiya lau, sojojin Fari na d4 da e5 kuma sun kafe wuri guda, sun bar wa dawakan Baƙi gidajen d5 da f5 su yi zaman dirshan.

Lokaci a ces tumatir ne. In ka saye shi, dole ka sayar kafin rana ta take. Taku biyar da ka tara, in ba ka mai da su wani abu mai ɗorewa ba, abokin karawa zai fito da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ribar ta narke, bashin doki kuma yana nan daram. 'Yan sashen Akanta sun fi kowa sanin wannan: akwai kuɗin da ke zama kadara, akwai wanda ake kashewa ya tafi ke nan.

Inda kayan gwari ke yin riba

Kada wani ya ce na ce sayen lokaci haramun ne. Mai tumatir ma yana cin riba in masu saye na tsaye a gaban tebur. Dubi wanda kowa ya sani, Fried Liver, wato soyayyiyar hanta, wanda 'yan Italiya suka rubuta tun wajen shekarar 1600: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+. Doki ɗaya ne, gidan f7 ɗin nan dai, farashin ma ya fi na Cochrane tsada. Amma a nan bishof ya riga ya fito, sarauniya ta shigo da cek, kuma in sarki ya ja da baya za a cinye dokin d5. Dole ya fito e6 ya yi gadi da kansa, sai 8.Nc3 ya ƙara wuta. 'Ya'ya uku a kan doki guda da aka ɗaure, sarki a tsakiyar titi. Shi ya sa masu sani ba sa bari a kai nan, tun a taku na biyar suke kaucewa da 5...Na5.

Misalin da ya fi girma shi ne na ranar 11 ga Mayu, 1997, a birnin New York, wasa na shida kuma na ƙarshe tsakanin kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM da Kasparov. A buɗin Caro-Kann, Kasparov ya taka 7...h6 don ya kori doki, sai kwamfuta ta ce 8.Nxe6. Bayan 8...Qe7 9.O-O fxe6 10.Bg6+ Kd8, an ba da doki a kan soja ɗaya, amma dubi gidan Baƙi: sarki ya maƙale a tsakiya, sarauniya ta toshe bishof ɗaya, doki ya toshe ɗayan, hasumiyoyi ba sa ganin juna. Ba a yi wa sarki kisan gaggawa ba, an dai ɗaure gidan ne gaba ɗaya. A taku na 19 zakaran duniya ya miƙa wuya, Deep Blue ta ci karawar da maki uku da rabi a kan biyu da rabi. Lokacin da aka saya an mai da shi kadara nan take.

Ga masu zaro waya

To, ku 'yan Stockfish, ina da magana da ku. Gaskiya ne inji ya fi son Baƙi a Cochrane da Halloween duka, kuma ba ƙarya yake yi ba. Amma lambar da yake nunawa amsa ce ga wata tambaya ta musamman: me zai faru in ɓangarorin biyu suka yi ta taka mafi kyawun taku har ƙarshe? Wanda ke zaune a gabanka ɗan HND ne da ya kwana karatun jarabawa, saura minti goma a agogonsa. 'Yan Injiniya sun san ba a karanta ma'auni a rubuta a littafi sai an san a wane yanayi aka yi awon.

Akwai hanyar da ta fi amfani da injin nan. Ka sa shi ya nuna maka taku uku ko biyar mafi kyau maimakon ɗaya. In taku ɗaya tak ne ke riƙe ribar Baƙi, kuma irin wanda hankalin mutum ba ya kawowa, to lambar nan ba ta faɗi yadda wasan zai kaya tsakanin 'yan Adam ba. In kuwa taku huɗu ko biyar duk sun isa, kuma kowanne mai sauƙin gani ne, to ka yarda da inji ka haƙura. A Cochrane, gaskiya, Baƙi yana da tsari fiye da ɗaya mai kyau: ga ...c5, ga ...Be7, ga ...g6 da kai sarki g7. Wahalarsa ba ta taku ɗaya ba ce, ta tafiya ce mai nisa, taku ashirin ko talatin yana tsare runduna ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Inji ba ya gajiya da irin wannan gadi. Mutum yana gajiya.

Tal ɗin da ake yawan ambata ya isa darasi ga kowa. A wasa na shida na karawarsa da Mikhail Botvinnik a Mosko a 1960, ya jefa doki da 21...Nf4, masu sharhi suka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ingancinsa, shi kuwa ya ci wasan, ya kuma ci kambun duniya yana ɗan shekara 23. A 1961 Botvinnik ya dawo da shiri, ya hana shi irin filin da yake so, ya karɓe kambunsa. Rikita mutum yana aiki. Rikita wanda ya yi shiri kuwa wani abu ne daban.

Ga masu cewa "ai na ci da shi"

Ku kuma 'yan ɗaya ɓangaren, kada ku yi murna tukuna. Cin wasan minti uku da Halloween labarin abokin karawarka ne, ba labarin gambit ɗin ba. A intanet baƙon fuska kake haɗuwa da shi, ka tsorata shi, ba za ku sake gamuwa ba. A makaranta kuwa mu nawa ne? Fuskokin nan dai su ne yau, su ne gobe. Ka ci mutum ranar Litinin, kafin Laraba ya nemo maganin a waya, ranar Juma'a kowa ya sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sannan zuciya tana da son kai wajen ajiye tarihi. Wasan da ka gama a taku goma sha biyu kana tunawa da shi har ka tura wa abokai a WhatsApp. Guda biyar ɗin da aka riƙe dokinka aka yi ta musayar 'ya'ya har ka mutu a hankali, waɗannan ba ka ba kowa labari. Shiga asusunka ka ƙirga duka, ka ware waɗanda ka buga da wanda ya kai ka ko ya fi ka, sannan ka zo mu yi magana.

Babbar asarar ma ba ta maki ba ce. Wanda ya saba cin wasa da tarko ba ya koyon abin da ake yi a taku na ashirin. Gwanin nan ɗan Ostiriya, Rudolf Spielmann, a littafinsa na 1935 ya raba sadaukarwa gida biyu: wadda ka lissafa har ƙarshe ka san kayanka za su dawo, da wadda ka bayar da gaske ba ka ga ƙarshenta ba. Ta biyun ce ke gina ɗan wasa, domin dole ka san abin da ka saya ka kuma iya aiki da shi. Cochrane irin wannan ce. Mai buga ta zai koyi tura sojoji a jere, zai koyi haƙuri alhali ana binsa bashi, zai koyi guje wa musayar 'ya'ya, tunda duk musaya tana ƙara wa rarar dokin Baƙi nauyi.

Kafin ka saki dokin

Duk sadaukarwar da ka gani a buɗi, ko a bidiyo ko a hannun aboki, ka yi mata tambayoyi huɗu. Na farko, bashin nawa ne bayan ƙura ta lafa, maki ɗaya ko biyu ko uku? Na biyu, abin da na samu zai kai taku na ashirin yana nan, ko sai na ci riba yanzu-yanzu? Na uku, in na yanzu-yanzu ne, 'ya'yana nawa ne suka riga suka fito, nasa nawa ne ke gadi? Na huɗu, wadda aka fi mantawa da ita: in ya mayar mini da kayana, wa zai fi jin daɗin abin da ya rage a allo? Fried Liver ta amsa ta uku da kyau. Cochrane ta amsa ta farko da ta biyu daidai gwargwado. Halloween ta faɗi a ta huɗu, kuma faɗuwar ba ta da magani.

Hukuncina ke nan. Cochrane ciniki ne mai ɗan tsada: ka biya fiye da kima, amma ka zo gida da kaya. Ɗalibi ko ɗalibar da ta zauna ta fahimci tsarin sojojin za ta iya fito da shi a gasa a kan mai Petrov da ke jiran wasan lumana, sau ɗaya a gasa, ba kowane zagaye ba. Halloween a bar shi a wasan dare na nishaɗi, kada a sa shi a jakar tafiya wakiltar makaranta.

Ina kuma da shawara ga shugabannin kulob ɗin ces da Daraktan Wasanni na ƙungiyar ɗalibai. A ware yamma ɗaya a wannan zangon karatu a yi gasar da kowane wasa zai fara daga bayan 4...Kxf7. Kowane mutum biyu su buga sau biyu, kowa ya riƙe farare sau ɗaya, baƙaƙe sau ɗaya, minti goma sha biyar-biyar, wayoyi a aljihu. A rubuta taku a takarda. Bayan an gama, kowa ya faɗi inda yake ganin wasansa ya juya, sannan a buɗe Stockfish a gwada maganarsa da ta inji. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi, allunan da muke da su da agogon waya guda a kowane tebur sun isa. A sati na gaba a yi wa Halloween haka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda ya zauna a kujeru biyun ya ɗanɗana zafin kowacce, shi ne zai iya gaya mana abin da doki ya saya a gidan f7.